Awon Bindigar Farauta: Tambayoyi da Amsoshi kan Daidaita Ta da Jikin Maharbi

Bindigar da ake magana a kanta a nan ita ce mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake harbin tsuntsu da ita yana cikin tashi. A Ingila, inda sana'ar ta daɗe da kafuwa, akwai mutanen da abincinsu ke nan: su auna maharbi kamar yadda tela ke auna mai ɗinki, sannan a sassaƙa ko a lanƙwasa katakon gindin bindigar har ya zauna da jikinsa. Na yi wasu shekaru a can, na shiga wasan harbin faifai, wato ɗan farantin da inji ke cillawa sama a maimakon tsuntsu, har ta kai ni ga biyan kuɗi aka yi mini wannan awo. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini idan na ba da labarin, wasu ma cikin dariya ake yin su.

Bindiga kuma har sai an yi mata awo? Ba saiti ake yi kawai a harba ba?

Nan ne yawancin mutane ke kuskure. Bindigar soja tana da abin saiti biyu, ɗaya can bakinta, ɗaya kusa da ido. Mai harbi zai jera su a kan abin da yake so, ya riƙe numfashi, ya taɓa kunama. Wannan kuwa ba ta da na baya sam, sai wani ɗan ɗigo a bakin bututu da siririn layin ƙarfe da ke kwance a samansa. Idonka shi ne saitin baya. Abin da ke ajiye idon a inda ya kamata kuwa shi ne katakon da kuncinka ya kwanta a kai.

Ka ɗauka makwarwa ta tashi fir daga ciyawa. Daƙiƙa biyu ka samu, wani lokaci ko biyun ba su cika ba. Babu zancen jera komai. Idonka na kan tsuntsun, hannuwanka su kawo bindigar ga fuska da kafaɗa, ka harba. Idan katakon ya ajiye idonka daidai tsakiyar layin ƙarfen nan, harbi zai tafi inda kake kallo. Idan ya ajiye shi ɗan hagu, harbi ya tafi hagu, kai kuma ka rantse da Allah daidai ka auna. Kuma ba ƙarya ka yi ba, daidai ka kalla. Bindigar ce ta kalli wani wuri daban.

To me da me ake aunawa?

Abu huɗu ne manya, kuma da inci ake lissafinsu, irin na tef ɗin tela.

Na farko tsawo, daga kunama zuwa tsakiyar ƙarshen gindi. Bindigogin kanti yawanci suna tsakanin inci 14 da inci 14 da kwata uku, saboda an yi su ne don matsakaicin namiji na Turai ko Amurka. Idan gindin ya yi tsawo, zai riƙa sarƙewa a hammata ko a riga lokacin ɗagawa, ko ya sauka a kan dantse maimakon lungun kafaɗa. Idan ya yi gajere, babban yatsanka zai nausa maka hanci duk sanda ka harba. Abin da mai awo ke dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin hancinka da gindin babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyan bindigar: kamar faɗin yatsu biyu.

Na biyu zurfin doro. Doro shi ne saman katakon, inda kunci ke kwanciya. Ana ɗora doguwar rula a kan layin ƙarfen ta miƙo har ta wuce saman gindi, sai a auna nisan da ke tsakanin rular da katakon a wuri biyu: gaban doro, inda aka saba samun kusan inci 1 da rabi, da can ƙarshensa, inda ake samun inci 2 da kwata zuwa 2 da rabi. Wannan ne ke ɗaga ido ko ya saukar da shi. Doro mai tudu da yawa harbi zai tafi sama. Doro mai zurfi da yawa shi ne mugun, domin idon zai nutse a bayan ƙarfen bindigar ya daina ganin komai. Daga nan ɗayan biyu ke faruwa: ko maharbi ya ɗaga kansa daga katakon don ya gani, ko ɗaya idon ya ƙwace aikin ba tare da ya sani ba. Shi ya sa masu awo suka fi yarda doro ya ɗan fi tudu a kan ya yi zurfi.

Na uku karkata. Idan ka kifa bindigar ka dube ta daga baya, za ka ga gindin bai miƙe sak da bututun ba, ya ɗan kauce gefe. Ga mai harbi daga kafaɗar dama ana kautar da shi dama, ga bahago a kautar da shi hagu. Ba wani abu mai yawa ba ne, daga kashi 1 cikin 8 na inci zuwa kwata ga yawancin mutane. Mai faɗin fuska ko faɗin ƙirji yana buƙatar fiye da haka. Bahago da ya ari bindigar na-dama yana faɗa ne da katakon tun kafin tsuntsu ya tashi. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Na huɗu yankan ƙarshen gindi, wato yadda aka jirkice fuskar da ke haɗuwa da kafaɗa. Ana so duk fuskar ta kwanta a jiki, sama da ƙasa. Idan tsinin ƙasa kaɗai ke taɓawa, zai riƙa sukar ƙirji, bakin bindigar kuma ya riƙa tsalle.

Wahalar ita ce huɗun nan a ɗaure suke da juna. Doro gangare ne, saboda haka da ka ƙara wa gindi tsawo, kuncinka ya koma baya, idonka ya ƙara nutsewa. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa sauran.

An ce a sa gindin a lanƙwasar gwiwar hannu, idan yatsa ya kai kunama to ta yi daidai. Gaskiya ne?

Tsawon hannunka kawai ka auna. Bai ce komai ba game da wuyanka, faɗin kafaɗarka, ko yadda kake tsayawa. A bar shi.

Yaya ake yin awon kansa?

Bari in faɗi yadda nawa ya kasance, a wani filin koyon harbi da ke wajen gari, da safiyar wata Asabar mai sanyi.

Mai awon dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Bai fara da tef ba. Tambayoyi ya fara yi: me nake harbi, shekara nawa, da wace riga nake fita. Sannan ya sa na nuna masa idonsa da yatsa daga nesa, hannun dama sannan na hagu, yana kallon wane idona ne yatsan ke tsayawa a ƙarƙashinsa. Bayan haka ya ɗauko bindigar awo. Bindiga ce ta gaske mai harbi, amma gindinta gaɓa-gaɓa ne, da mahaɗai na ƙarfe da kusoshi, ana juya su da ɗan mabuɗi a ƙara tsawo, a ɗaga doro, a karkatar da shi duk inda ake so. Ya buɗe ta, ya leƙa bututun, ya miƙo mini na leƙa da idona na ga babu komai a ciki. Sai ya koma gabana ya ce in ɗaga ta in nuna idonsa na dama. Jikina ya ƙi, domin abin da aka fara koya mini shi ne kada bakin bindiga ya kalli mutum ko da wasa. A wannan wuri kaɗai ake yin haka, kuma sai bayan mutum biyu sun tabbatar fanko ce. Abin da yake nema shi ne ya ga ƙwayar idona zaune a kan layin ƙarfen, kamar ƙwai a kan faifai.

Daga nan muka fita wurin allon ƙarfe. Babban faranti ne na ƙarfe mai kauri, a tsaye, an shafe shi da farin fenti mai laima, da ɗan baƙin tabo a tsakiya. Ya tsayar da ni yadi 16 daga allon, ya ce kada in yi saiti, in kalli tabon kawai, in ɗaga in harba da zarar katako ya taɓa kunci. Na yi sau huɗu ko biyar a wuri ɗaya. Da muka matsa, ga tabon a tsakiya, ga tarin ƙwayoyina sun taru a hagu da shi, ƙasa kaɗan. Ba ɗaya ba, dukkansu. Ya auna da rula, ya juya kusoshi, ya shafe allon da burushi, muka sake. Sai a zagaye na huɗu tarin ya hau kan tabon.

Bai tsaya nan ba, domin allo ba ya tashi. Muka koma harbin faifai, waɗanda Turawa ke kira tantabarar yumɓu, ɗan faranti mai faɗin kusan santimita 11 da inji ke cillawa sama. Ya ba ni masu tahowa kaina, masu tafiya, masu gilmawa daga dama da daga hagu, yana tsaye a bayan kafaɗata yana kallo. Ya ƙara taɓa doron sau ɗaya. Duka abin bai kai awa biyu ba. Na fito da 'yar takarda mai lambobi, irin wadda likitan ido ke bayarwa a kai wa mai tabarau.

Me ya sa sai yadi 16?

Don lissafi ya zo da sauƙi. Daga idon maharbi zuwa bakin bindiga kusan yadi ɗaya ne. Idan allo yana yadi 16, duk kuskuren da ke wurin ido ya ninka sau 16 kafin ya isa allo. Saboda haka inci ɗaya na kauce a allo yana nufin kashi 1 cikin 16 na inci a katako. Nawa ya kauce hagu da kusan inci 3, ke nan ana buƙatar ƙarin karkata na kashi 3 cikin 16 na inci. Abin da bai kai kaurin fensir ba.

Wani zai ce inci 3 ai ba komai ba ne ga bindigar da ke watsa ɗaruruwan ƙwayoyi. A yadi 16 ne yake inci 3. A yadi 40 ya zama inci 7 da rabi, kuma da'irar da ake dogara da ita a wannan nisa faɗinta inci 30 ne, wato inci 15 kowane gefe. Ka zubar da rabin rangwamen da kake da shi a gefe ɗaya tun kafin ka yi naka kuskuren. Sakamakon ba kuskure ba ne kawai. Tsuntsu ne zai tafi da ƙwaya biyu a cinya ya je ya mutu a ciyawa, ba kai ba, ba kowa ba. Wannan ya fi damuna a kan maki.

Mene ne batun ido mai rinjaye?

Kamar yadda hannu ɗaya ya fi ɗaya aiki, haka ido ɗaya ke jagorantar nuni. Ka huda takarda, ka riƙe ta da hannu biyu a miƙe, ka kalli wani abu mai nisa ta hudar da ido biyu a buɗe, sannan ka jawo takardar a hankali zuwa fuskarka. Idon da ta sauka a kai shi ne mai rinjaye.

Idan kai na-dama ne kuma idon dama ke rinjaye, ka huta. Idan na hagu ne ke rinjaye alhali daga kafaɗar dama kake harbi, bindigar za ta riƙa nuna can hagu da abin da kake kallo, kuma ba kauce na inci 3 ba, babba. Babu sassaƙar da za ta gyara wannan ita kaɗai. Yaro ko sabon shiga, mafi sauƙi a mayar da shi ɗaya kafaɗar tun bai saba ba. Wanda ya riga ya tsufa a kai yana iya runtse idon hagu daidai lokacin da katako ya iso kunci, ko ya manna ɗan ɗigon tef a gilashin tabaransa a daidai inda zai tare wa idon hagu bakin bindigar. Tsofaffin maƙeran Ingila ma suna sassaƙa wani gindi mai lanƙwasa kamar ƙafar kare, ya zauna a kafaɗar dama amma ya kawo bututun gaban idon hagu. Na taɓa riƙe ɗaya. Mummuna ne ƙwarai, amma yana aiki.

Rinjayen kuma ba dutse ba ne. Yana iya sauyawa da shekaru, ko da gajiya. Akwai mutanen da idanunsu biyu ke jayayya, babu wanda ya rinjayi wani sosai.

Ni sabon shiga ne. In fara da awo?

A'a, kuma mai awo na kirki shi zai fara gaya maka haka. Tela ba ya iya auna mutumin da ke rawa. Idan yau ka ɗaga bindigar ta sauka a lungun kafaɗa, gobe a dantse, jibi kanka a sunkuye, to wane daga cikin mutum ukun za a auna? Abin da sabon shiga ke buƙata shi ne bindigar da ta yi kusa da daidai: tsawon bai fi ƙarfinsa ba, idonsa yana gani ta saman layin, karkatar tana ɓangarensa. Sai ya koyi ɗagawa. Bindiga ce ke zuwa wurin fuska, ba fuska ke sauka ta nemi bindiga ba. Kai a tsaye, nauyi a ƙafar gaba, hannun gaba ya tura bakin zuwa ga tsuntsu, katako ya taɓa kunci, kafaɗa ta shigo ta tarye shi. Idan ya kai ga yin haka sau goma iri ɗaya ido a rufe, to lokacin awo ya yi.

Kuma kada a bari sai saura mako guda a buɗe farauta. Ba a fafe gora ranar tafiya: gyaran katako kan ɗauki makonni, sabo da shi ma haka.

Ta yaya zan gane tawa ba ta dace da ni ba?

Jikinka zai gaya maka kafin allo. Kunci ya kumbura ko ya yi tsami bayan harbi ashirin. Tabo ya fito a dantse maimakon kafaɗa. Yatsan tsakiya ya daddauje a bayan zoben kunama. Ciwon kai da yamma. Sai kuma kuskure mai hali ɗaya: masu gilmawa daga dama kana faɗar da su, masu zuwa daga hagu kullum suna wucewa.

Bahaushe ya yi daidai da ya sa kalma ɗaya ga harbin bindiga da harbin jaki, domin ita ma tana harbin mai ita ta baya. Awo ba ya rage ƙarfin wannan dukan, nauyin bindiga da nauyin harsashi ne ke yanke shi. Tsohuwar ƙa'idar W. W. Greener, maƙerin Birmingham, ita ce nauyin bindiga ya ninka nauyin dalmar da take harbawa sau 96, wato oza ɗaya na dalma yana son bindiga mai laba 6. Abin da awo ke yi shi ne ya raba dukan a faɗin kafaɗa, ya hana shi taruwa a ƙashin kunci.

Ba matse bakin bututu ko sauya harsashi ne maganin kuskure ba?

Matsin baki yana ƙara ko rage faɗin watsuwa ne, ba ya matsar da tsakiyarta. Wanda bindigarsa ke harbi hagu ya ƙara matsi, ya ƙara wa kansa kuskure. Na ga mutane suna sauya harsashi kamar riga, ana barin jaki ana dukan taiki.

Bayan an ba ni lambobin, me za a yi wa bindigar?

Tsawo shi ne mai sauƙi: a yanke katako, ko a ƙara roba mai kauri ko ɗan ƙari a ƙarshe. Idan an yanke, ka karɓi guntun ka ajiye, ranar sayarwa zai yi maka rana.

Karkata da zurfin doro kuwa lanƙwasawa ake yi, kuma abin kallo ne. Gindin bindigogi masu kyau da katakon wolnot ake yin sa. Ana ɗaure bindigar a wani abin matsewa na musamman, a naɗe siririn wuyan katakon da tsumma, a riƙa kwarara masa mai mai zafi, ko a haska masa fitilu masu zafi, har ya yi laushi. Sai a tura gindin a hankali da kusoshi zuwa inda ake so, a bar shi ya huce a ɗaure. Akwai kasada. Katako mai yawan zane da ƙulli yana iya tsagewa a wuya, wani kuma bayan watanni ya ɗan koma inda ya fito. Bindigogin da doguwar kusa ta ratsa cikin gindinsu sun fi wuyar lanƙwasawa, sau da yawa sai dai a gyara ta wurin da katako ya haɗu da ƙarfe. Doro mai tudu ana iya kankare shi a sake shafa mai. Idan gyaran ya yi yawa, sai sabon gindi, wanda shi ne mafi tsada.

Bututu dai ba a taɓa shi. Duk wanda ya ce zai yanke maka shi don ta yi daidai, ɗauki bindigarka ka fita.

Ke nan sai mai kuɗin sayen bindigar Landan?

Ko kusa. Gaskiya ne gidajen da suka yi suna, irin Purdey da aka kafa a 1814 da Holland & Holland da ya faro a 1835, ba sa fara sassaƙa gindi sai sun auna mai saye, kuma sabuwar bindigarsu tana haura fam dubu 100, a jira ta fiye da shekara. A Italiya ma, masu harbin gasa sukan je masana'antar Perazzi kusa da Brescia a auna su a can. Amma awon kansa kuɗin darasi ne na awa ɗaya ko biyu, da kuɗin harsashi da faifai, kuma lambobin naka ne, kana iya kai su ga kowane masassaƙi.

Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi. Bindigogin gasa da yawa suna zuwa da doro mai motsi, a kwance kusa biyu a ɗaga shi ko a tura shi gefe. Bindigogi masu ɗura kansu na kamfanonin Beretta da Benelli suna zuwa da 'yan siraran faranti da ake sakawa tsakanin gindi da ƙarfe, su sauya zurfi da karkata cikin minti goma. Illar doro mai motsi ɗaya ce: mai shi ba ya barin sa ya huta. Ya kuskure faifai uku, sai ka gan shi ya zaro mabuɗi. A daidaita shi sau ɗaya a gaban wanda ya sani, a bar mabuɗin a gida.

Mata da yara fa?

Su ne bindigar kanti ta fi cuta. An daɗe ana ɗauka cewa yanke gindi ya isa, alhali mata da yawa wuyansu ya fi tsawo idan an gwada da jikinsu, tazarar da ke tsakanin ƙashin kunci da ido kuma ta fi ƙanƙanta, saboda haka doro mai tudu suke buƙata. Tsinin ƙasan gindi ma sai an kautar da shi waje kuma an gyara yankan, in ba haka ba yana sukar ƙirji. Riƙon ma ana matso da shi kusa da kunama saboda ƙaramin hannu. Kamfanoni sun farga, akwai Syren na Caesar Guerini da Vittoria na Beretta da aka yi don mata.

Yaro kuwa girma yake yi. Kada a kashe kuɗi a lanƙwasa, a yanke gindi a riƙa mayar da tsawon da ƙari shekara-shekara, a ɗaga doro da abin mannawa.

Awo ɗaya ya ishe ni har abada, kuma ga kowace bindiga?

Hularka lamba 22 ce tun kana saurayi, amma wuyan rigarka fa? Ƙiba ko rama suna fara bayyana a kumatu, kuma a kan kumatun ake kwanciya. Wuya na ƙagewa da tsufa. Rigar sanyi mai kauri tana ƙara wa gindi tsawo, shi ya sa wasu ke da roba biyu, siririya ta hunturu da mai kauri ta bazara.

Bindigogin ma ba ɗaya ba ne. Lambobin mai baki biyu a jere ba sa hawa kan mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya kai tsaye, don riƙonsu da yadda suke motsi a hannu sun bambanta. Sannan akwai abin da ake harbi. Mai harbin faifan da ke tashi yana gudu daga gare shi yana son bindiga mai harbi sama, don ya riƙa ganin faifan a saman baki. Maharban tsuntsu da yawa suna son kashi 60 na ƙwayoyin a saman tabo, 40 a ƙasa. Mai zomo da agwagwar da ke sauka kan ruwa ya fi son rabi da rabi.

Daga ina wannan al'ada ta samo asali?

Daga farautar masu sarauta da attajiran Birtaniya a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Da aka samu bindigar da ake ɗurawa ta baya, harbi ya yi sauri, sai aka koma salon da masu kora ke tafiya a jere cikin daji suna tayar da tsuntsaye, su bi ta saman maharba da ke tsaye a layi. Tsuntsu na zuwa sama da gudu, mutum zai yi harbi ɗaruruwa a yini, a gaban tsaransa kuma. Bindigar da ba ta zauna ba a nan kunya ce da kumburin fuska. W. P. Jones na Birmingham ya yi rajistar bindigar awo a 1889, makarantun harbi suka biyo baya, irin West London Shooting School da aka buɗe a 1901. Har yau ranar 12 ga Agusta ake buɗe farautar tsuntsun giraus a tsaunukan Sikotilan da arewacin Ingila, kuma watannin da ke gabanta su ne kakar masu awo.

Akwai abin da zan iya yi da kaina a gida?

Akwai, bayan ka buɗe bindigar ka tabbatar babu komai a ciki, kuma babu harsashi a ɗakin. Ka tsaya gaban madubi, ka rufe ido, ka ɗaga ta yadda ka saba, ka buɗe ido ba tare da ka gyara kai ba. Duba inda ƙwayar idonka take a madubin. Idan ta ɓuya, doro ya yi zurfi: manna kwali ko ɗan roba da tef, ka ƙara har ta fito. Idan tana gefe, batun karkata ne. Wasu kan sa ƙaramar tocila a bakin bututu su bi layin da bango ya haɗu da rufi, don su ga ko hasken na tsalle lokacin ɗagawa. Minti biyar kullum ya fi awa guda ranar Lahadi.

Abin da ba za ka iya ba shi ne ganin kanka daga baya lokacin da faifai ke tashi. Ni na shekara biyu ina ɗaga kai daga katako a daƙiƙar ƙarshe ban sani ba, dattijon nan ya gano a harbi na uku.

Wannan ya shafi maharbanmu na gida?

Kaɗan. Maharbi mai bindigar toka sanɗa yake yi, ya samu zabon daji ko gada a tsaye, ya auna a natse. A irin wannan harbi mutum na da lokacin da zai lanƙwasa jikinsa ya bi bindigar. Wanda ke da mai baki biyu yana harbin hasbiya ko kirinjijiya a sama kuwa, duk abin da aka faɗa a nan ya hau kansa, kuma gwajin madubi da kwali ba ya cin ko sisi. Sai dai a tuna cewa a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa mallakar irin wannan bindiga sai da lasisin 'yan sanda, gyaranta ma ba kowane maƙeri doka ta yarda ya yi ba. A Birtaniya ma sai da takardar 'yan sanda mai shekara 5, amma baƙo yana iya harbin faifai a filin da aka amince da shi, da bindigar filin, ba tare da ita ba.

Da aka gyara taka, nan take harbinka ya gyaru?

Lalacewa ya fara yi. Shekara biyu ƙwaƙwalwata tana biyan bashin bindiga mai harbi hagu, tana ɗan tura ni dama ban sani ba. Da aka miƙe bindigar, ita ba ta daina turawa ba, sai na koma kuskure ta dama. Na kira dattijon a waya rai a ɓace. Ya tambaye ni harsashi nawa na harba tun da na karɓo ta, na ce hamsin. Ya ce in kira shi idan na kai ɗari biyar. Kumburin kunci dai tun ranar farko ya tafi, masu gilmawa daga hagu kuma sai a mako na shida suka fara fashewa.